Ƙananan matatun ruwan datti: me ke samun rafin da ke gangare idan rani ya yi?

Injiniya_Dambo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan ƙananan matatun ruwan datti, irin waɗanda ake yi wa makarantar kwana, asibitin karkara, bariki, ko ƙaramin gari. Ra'ayina shi ne muna auna su a inda bai kamata ba. A ɗebi ruwa a bakin bututun fita, a kai lab, takarda ta dawo ta ce ya yi, shi ke nan a rufe fayil. Ba mai taka ƙafa ya bi rafin da ruwan ke faɗawa. Ga misalin da za mu yi aiki da shi: gari mai mutum 3,000, kowa na sakin lita 50 a rana, wato kubik mita 150, kusan lita 1.7 a daƙiƙa. A watan Agusta rafin ya cika ya batse, wannan ba komai ba ne a cikinsa. A watan Maris fa? Ina son waɗanda suka san aikin su faɗi abin da ya kamata a auna, a ina, da wane lokaci, da kuma gyaran da ya fi araha.

Bintu_Muhalli:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ka taɓo inda ke ciwo. Mutane da yawa ba su san daga ina lambobin da muke riƙe da su suka fito ba. Ƙa'idar nan ta 20 da 30, wato BOD miligiram 20 a lita da dattin da ke yawo a ruwa miligiram 30, kwamitin da masarautar Ingila ta kafa kan zubar da ruwan datti ne ya fitar da ita a 1912. Kuma da sharaɗi ya fitar: cewa kogin zai haɗa ruwan da ninkinsa takwas na ruwa mai tsabta. Lissafin mai sauƙi ne. Kashi takwas masu BOD 2, kashi ɗaya mai BOD 20, ka haɗa ka raba tara, ka sami 4, wanda shi ne iyakar da suka ga kogi zai ɗauka bai lalace ba. Mu mun ɗauki lambar mun bar sharaɗin. Kogunan Ingila ba su cika ƙafewa ba. A misalinka, sai rafin na gudu da lita 14 a daƙiƙa kafin sharaɗin ya cika, kuma rafukanmu da yawa daga Fabrairu zuwa Mayu yashi ne kawai da 'yan gurabun ruwa.

Ga waɗanda ba fanninsu ba: BOD ma'auni ne na yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta za su cinye cikin kwana biyar wajen ruɓar da dattin da ke cikin ruwa. In ya yi yawa, iskar da kifi zai shaƙa ce ake cinyewa.

Dubagari_Sani:
Ku yi haƙuri in sa baki da wuri. Wane ƙauye ne a wajenmu yake da bututun kwasar ruwan bayan gida? Masai ne da sokawe, ruwan wanka kuma ya bi kwata ya faɗa kududdufi. Kamar muna tattauna matsalar Turai.

Injiniya_Dambo:
Gaskiyarka Malam Sani, ƙauyen da ke da bututu gida-gida ba shi da yawa, shi ya sa na fara da makarantu da asibitoci da bariki. Makarantar kwana mai ɗalibai 1,500 ƙaramin gari ce. Ga mayanka, ga rukunin gidaje, ga wuraren da motocin kwasar masai ke juyewa. Duk ƙananan matatu ne, ko an gina su da kyau ko ba a gina ba, kuma kusan dukkansu a bakin rafi ake ajiye su saboda nan ne gangare.

Malam_Tafki:
Bari mu fara gina matatar a takarda, don mu san irin ruwan da zai fito. Ga wurinmu mai rana da fili, jerin tafkuna shi ne ya fi dacewa, kuma lissafin Farfesa Duncan Mara, masanin irin waɗannan tafkuna, ake bi.

Kowane mutum a ɗauka yana fitar da BOD giram 40 a rana. Mutum 3,000 kilo 120 ke nan. A cikin kubik mita 150 ya zama miligiram 800 a lita, ruwa mai kauri sosai, saboda ba mu da ruwan ɓarnatarwa. Ana yin lissafi da zafin watan da ya fi sanyi, ba na bazara ba. Mu ɗauki digiri 20 na hunturu.

Tafki na farko mai zurfi ne, mita 3, babu iska a cikinsa, aikinsa kwantar da dagwalo da ruɓar da shi. A digiri 20 yana ɗaukar giram 300 a kowane kubik mita a rana, saboda haka kubik mita 400 muke bukata, ruwa ya kwana kusan uku a ciki, ya rage kashi 60 cikin 100. Saura kilo 48. Na biyu mai faɗi ne, zurfin mita ɗaya da rabi, a nan gansakuka ke samar da iska da hasken rana. A digiri 20 hekta ɗaya na ɗaukar wajen kilo 250 a rana, saboda haka murabba'in mita 1,900, ruwa ya yi kwana 19. Sai tafkunan ƙarshe marasa zurfi, mita ɗaya, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Biyu masu kwana huɗu-huɗu, kowanne murabba'in mita 600. Kada a haɗe su wuri ɗaya a ce ai girman ɗaya ne. A lissafin Farfesa Marais, wani masanin tafkunan, tafki ɗaya mai kwana takwas yana rage ƙwayoyin ninki 22, amma biyu a jere masu kwana huɗu suna ragewa ninki 130.

Hauwa_Lissafi:
Malam Tafki, akwai gyara a na farkon tafkunan ƙarshe, wato na uku. Ko da tafkuna biyun farko sun cire kashi 80 cikin 100, kilo 24 ne zai shiga na uku kullum. Ka ɗora kilo 24 a kan murabba'in mita 600, ya zama kilo 400 a hekta, ya fi nauyin da ka ɗora wa tafki na biyu. Zai rasa iska ya koma baƙi. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na nauyin tafki na biyu, wato wajen kilo 190 a hekta. Sai ka faɗaɗa shi zuwa murabba'in mita 1,300.

Malam_Tafki:
Na karɓa Malama Hauwa, na gode. Ruwa mai kauri haka shi ke jawo wannan. Da gyaranki filin ruwa ya kai wajen murabba'in mita 4,000, in an haɗa jinga da hanya da wurin shanya dagwalo a nemi fiye da rabin hekta.

Maman_Sadiq_Lab:
To an gina, yana aiki yadda ya kamata. Yanzu ga inda takarda ke ruɗar mutane. Ruwan da ke fita daga tafki kore ne, cike da gansakuka. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta yarda a tace samfurin ruwan tafki da takardar tacewa kafin a auna BOD, iyakarta 25, ta kuma yarda dattin da ke yawo ya kai 150. Hujjarsu ita ce gansakuka mai rai tana ba da iska in ta shiga babban kogi, ƙananan halittu su cinye ta. Wannan gaskiya ne a kogi mai gudu. A rafin da ya tsaya gurbi-gurbi, gansakukar nan kwantawa take yi ta mutu ta ruɓe a ƙasa. Samfurin da aka tace zai iya nuna 20, wanda ba a tace ba ya nuna 60. Rafi kuwa ba tacewa yake yi ba, 60 ɗin yake karɓa.

Mu haɗa. Rafi a Maris a ce yana kawo lita 3 a daƙiƙa mai BOD 2. Matata na zuba lita 1.7 mai BOD 60. Haɗin ya ba da 23. Ninkin iyakar 4 ɗin da Malama Bintu ta faɗa kusan shida. Duk mai kai samfuri lab ya rubuta a jikin kwalba cewa yana son sakamako biyu, tatacce da wanda ba a tace ba.

Sarkin_Ruwa82:
A bar zancen BOD kaɗan, a zo kan abin da ke kashe kifi nan take. Abu biyu ne: rashin iska da asuba, da amoniya, sinadarin da ke fitowa daga fitsari da ruɓewar datti, da rana.

Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa. A digiri 20 iyakar abin da lita ke riƙewa wajen miligiram 9 ne, a digiri 30 wajen 7.5. Yawancin kifi na son sama da 5. A gurbin da ya yi kore, da rana gansakuka na zuba iska har ta wuce ƙima, ka auna da la'asar ka ga 12 ka yi murna. Da dare kuma ita kanta shaƙa take yi, ga ƙwayoyin da ke cin dagwalo suna shaƙa, kafin kiran sallar asuba ya sauka ƙasa da 1. A lokacin ne ake ganin kifi sun taso sama suna buɗe baki a fuskar ruwa. Ma'aikacin da ya iso ƙarfe goma sha ɗaya ba zai taɓa ganin wannan a mitarsa ba.

Amoniya kuma fuska biyu gare ta a ruwa, ɗaya mai guba ɗaya mai sauƙi, kuma pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, da zafi ke raba su. A digiri 30, in pH 7 ne mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8.5 ta kai kashi 20, a pH 9 ta kusa 45. Kuma gansakuka ce ke ɗaga pH da tsakar rana. In matatar na fitar da miligiram 30, bayan haɗuwa da lita 3 ɗin nan saura wajen 11, kashi 20 na wannan ya haura miligiram 2 na mai guba. Tsohuwar dokar Turai ta ruwan kifi ta tsayar da shi a 0.025. Bayan haka, kowane giram na naitirojin ɗin amoniya yana cin iska giram 4.6 kafin ya koma wani sinadarin mai suna naitiret, wannan kuma wani bashin iska ne da gwajin kwana biyar ba ya nunawa gaba ɗaya.

Kada kuma a ce ai akwai kifi a wurin saboda an kama tarwaɗa. Tarwaɗa na shaƙar iska daga sama, gaiwa ma haka, karfasa na da juriya. A tambayi masunta ko har yanzu suna samun kawara da ragon ruwa da ƙaguwa a nan.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku da aiki. Wajenmu gulbi wata kaɗan yake gudu, sauran shekara mutane yashi suke tonawa a tsakiyarsa su ɗebi ruwan sha su shayar da bisashe. To in babu ruwa ko lita ɗaya daga sama, abin da matata ta zubo shi ne gulbin. Yana tafiya mita ɗari biyu ko uku ya nutse. Mutane su ce ya ɓace. Bai ɓace ba, ya shiga ruwan da ke ƙarƙashin yashi, inda rijiyoyin bakin gulbi ke sha. Yashi na tare ƙwan tsutsa da yawancin bakteriya, amma naitiret wucewa yake yi. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ne a lita, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da irin wannan ruwa su ne cikin haɗari. Tafasa shi ba ya cire naitiret, ƙara masa ƙarfi ma yake yi. A sa rijiyoyin gangare cikin wuraren da za a riƙa aunawa.

Bintu_Muhalli:
Ga tsarin aunawa da ƙaramar hukuma za ta iya. Wuri uku: mita 50 sama da bututu, mita 100 zuwa 200 ƙasa da shi inda ruwan biyu suka gama gaurayawa, sai kilomita ɗaya ko biyu a gangare. Na ukun yana da muhimmanci, don tun 1925 masana biyu, Streeter da Phelps, suka nuna a kogin Ohio na Amurka cewa iska ba a bakin bututu take fi raguwa ba, sai can gaba bayan ƙwayoyi sun sami lokacin cin dattin. Ruwan da ke tafiyar santimita 10 a daƙiƙa yana cin fiye da kilomita 8 a rana, saboda haka ɓarnar kan faɗa wa ƙauyen gaba wanda bai ma san da matatar ba.

Yawan ruwan bututu: bokiti mai lita 20 da agogon waya. In ya cika a daƙiƙa 12, lita 1.7 ke nan. Na rafi: a zaɓi miƙaƙƙen wuri mai mita 10, a jefa lemo, a ga daƙiƙa nawa zai yi. Faɗi santimita 60, zurfi 5, lemo ya yi daƙiƙa 80, a ninka faɗi da zurfi da gudun lemon, a rage kashi ɗaya cikin biyar saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba, ka sami lita 3. Ƙaramar mitar auna gishirin ruwa ita ma tana faɗin gaskiya cikin minti ɗaya: in sama ta nuna 150, bututu 1,500, ƙasa 650, to fiye da kashi ɗaya cikin uku na ruwan rafin daga matata yake. Iska a auna ta sau biyu, da asuba da bayan azahar. Kwalaben lab a sa su cikin kula da ƙanƙara, na E. coli, bakteriyar da ke nuna akwai bayan gida a ruwa, ya isa cikin awa shida, na BOD kada ya wuce kwana ɗaya. Sau huɗu a shekara ya wadatar, amma dole ɗaya ya faɗo a Afrilu, ɗaya kuma washegarin ruwan farko.

Malam_Yahuza_Bio:
In ƙara da wanda ba ya bukatar kuɗi. Mita na faɗa maka halin ruwa a daƙiƙar da ka tsoma ta, amma halittun ƙarƙashin dutse suna faɗa maka abin da ya faru makonni da suka wuce. A ɗauki rariya da farin faranti. A ɗaga duwatsu biyar sama da bututu, biyar a ƙasa, a wanke cikin farantin. A ruwa mai lafiya za a ga iri-iri: ƙananan ƙwari masu jela uku siriri, wasu da suka gina wa kansu gida da ƙwayoyin yashi suka manne a dutse, jatan lande, ƙaguwa. A inda iska ta yi ƙaranci iri kaɗan ne amma da yawa: jajayen tsutsotsi kamar zare cikin laka, matsattsaku, da wata farar tsutsa mai doguwar jela da take miƙawa sama tana shaƙa. In duwatsun sun yi wani toka-tokan yauƙi kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ƙasansu kuma baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba sai an je lab ba. A Afirka ta Kudu suna da tsari mai suna miniSASS da 'yan makaranta ke yi da rukunin halittu 13. Ɗaliban makarantar da ke da matatar za su iya yin irinsa kowane zango.

Mai_Fanfo:
Ni dai ina ganin tafkunan nan cin fili ne. Akwai matatun kwantena da ake kawowa a haɗe, da injin hura iska, a kafa cikin sati biyu, ruwa ya fito garau, a sa sinadarin kulorin a kashe cuta. Amoniyar da Sarkin Ruwa ke kuka da ita ma suna cire ta.

Injiniya_Dambo:
Suna cirewa, Malam, muddin injin na juyawa dare da rana. Ƙwayoyin da ke aikin a cikin tankin da iska suke rayuwa. Wuta ta ɗauke na wasu awanni sun fara wahala, ta yi kwanaki sun mutu, kuma masu cin amoniya su ne masu saurin mutuwa da jinkirin dawowa, sai an yi makonni. In wuta ta dawo dagwalon ya taso ya bi bututu zuwa rafi. Ga bel, ga matatar iskar injin da ƙurar hunturu ke toshewa, ga robobin fesa iska a ƙasan tanki, ga dagwalon da dole a riƙa ragewa a kai a kai. Ko Afirka ta Kudu da ta fi mu ma'aikata, rahoton gwamnatinsu kan matatu, Green Drop na 2022, ya sami matatun ƙananan hukumomi 334 cikin 850 a mawuyacin hali. Kulorin kuma makami ne mai kaifi biyu. Hukumar muhalli ta Amurka ta sa iyakarsa a ruwan kifi miligiram 0.019 a lita na ɗan lokaci. Mai gadin da aka ba ƙwayoyin kulorin ya riƙa jefawa da ido zai iya share rafi na mita ɗaruruwa. Inda fili ya yi tsada kuma akwai wuta da ma'aikaci tsayayye, ban ƙi ba.

Mai_Fanfo:
Da sola da batir matsalar wuta ta ragu sosai yanzu. Amma na yarda da batun kulorin.

Ɗan_Maraɗi:
Akwai hanya ta tsakiya da Faransa ta yi nisa a kai, dubban ƙauyukansu da ita suke aiki: gadajen tsakuwa da aka shuka wa ciyawar fadama. Ɗanyen ruwa bayan ragar ƙarfe ake watsawa a saman gado, ya ratsa ƙasa. Mataki na farko gado uku, na biyu gado biyu, jimla murabba'in mita 2 ga kowane mutum a lissafinsu. A mataki na farko gado ɗaya ya sha ruwa kwana uku da rabi, ya huta mako guda. Ba a barin ruwa ya riƙa tsiyaya, tarawa ake yi a saki gaba ɗaya ya rufe gadon da santimita 2 zuwa 5, yana sauka yana jawo iska cikin tsakuwa. Wannan iskar ce ke juyar da amoniya, abin da tafki ba ya yi da kyau. Dagwalo ya bushe a sama, sai bayan shekara 10 zuwa 15 a kwashe. In akwai gangare mai kyau ba a bukatar wuta. Inda ake kuskure: a kawo tsakuwa da yashi marasa wanki, ƙura ta toshe gado cikin wata shida, ko mai kula ya daina juya bawul. Rauninsa kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta kamar tafki, sai an ƙara tafki mara zurfi a bayansa.

Sarkin_Ruwa82:
A kula da abin da za a shuka. Wanda ya ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ba zai so a kai ta rafin da babu ita ba. Jema ko burugu da ke wurin tun asali sun fi kwanciyar hankali. Kainuwa kuma in an sa ta a tafki dole a riƙa kwashe ta, in ba haka ba ta rufe hasken rana ta zama gidan sauro.

Alhaji_Zongo:
Ina gaishe ku daga Kumasi. Yawancin tafkunan da suka lalace ba lissafi ne ya kashe su ba, abin da aka zuba musu daga baya ne. Motar kwasar masai mai kubik mita 8, in kayanta na da BOD 5,000, kilo 40 ke nan a juyi ɗaya, daidai da mutum 1,000. Mota uku a rana sun ninka wa matatar Malam Tafki kaya. Binciken da aka yi a Achimota ta Accra a shekarun 1990 ya nuna kayan bayan gidan jama'a na da amoniya mai yawan da ke hana gansakuka tsirowa. Irin wannan wurinsa daban, tankin kwantarwa da gadajen shanya. Mayanka ma haka. Jinin saniya ɗaya ya kai nauyin mutum hamsin ko kusa, a tare shi a bokiti a dafa a yi abincin kaji, kayan tumbi kuma a kwashe a busasshe zuwa taki, kada a kora su da ruwa.

Sai kwashe dagwalo. Mutum ɗaya na tara wajen lita 40 a shekara a tafkin farko, mutum 3,000 kubik mita 120. Ana kwashewa in ya kai kashi ɗaya cikin uku, a tafki mai 400 kusan duk shekara ke nan. A gina shi biyu kafaɗa da kafaɗa, a rufe ɗaya a hunturu ya bushe. A naɗa farin tawul a doguwar gora a tsoma, inda baƙi ya tsaya nan ne zurfin dagwalon. Alamar an makara: tafki na biyu ya bar kore ya koma ja-ja ko toka, wari ya tashi.

Dubagari_Sani:
Tun da an dawo inda na sani, ga nawa. Dagwalon nan a cikinsa ƙwan tsutsar ciki ke taruwa, kuma suna daɗewa da rai, kada a ba manomi sai ya shekara a shanye. Ciyawar bakin tafki a riƙa yanke ta, a jera dutse ko siminti daidai layin ruwa, don nan sauro ke haihuwa, nan kuma katantanwar da ke ɗaukar tsargiya ke maƙalewa. A kewaye da waya saboda yara, tafkin farko mita uku ne kuma gefensa santsi. Ruwan rufin kwano kada a haɗa shi da bututun, ruwan sama ɗaya zai kore kwana goma sha tara na Malam Tafki zuwa rafi.

Likitan_Dabbobi:
Gurbin da ya yi kore kamar an zuba fenti, iska ta tara kumfar a gefe ɗaya, a hana shanu sha. Wasu irin gansakukar suna fitar da guba mai lalata hanta, dabba kan faɗi cikin awanni, kuma gefen da iska ta tara shi ne daidai inda suke sa baki. Fosfarar sabulu da fitsari ce ke ciyar da ita, tafki kuma bai cika cire fiye da rabinta ba.

Malam_Tafki:
Mu koma tambayar Injiniya ta gyara mafi araha. A ganina da rani kada digo ɗaya ya shiga rafi. Bayan abin da rana ta shanye, saura wajen kubik mita 130 a rana. Gona a bazara na shan wajen milimita 7 a rana, kubik mita 70 a hekta, saboda haka hekta biyu ta shanye shi duka, kuma naitirojin da ke kashe kifi taki ne a wurin masara da ciyawar dabbobi da itatuwa. A kafa sanda mai alama a rafi: in ruwa ya kai alamar da ke nuna ninki takwas a buɗe bawul ɗin rafi, in ya sauka a juya gona. Ga mai son rage kore kuma, a ƙara gadon duwatsu masu girman dunƙulen hannu a ƙarshe, kubik mita ɗaya na dutse ga kowane kubik mita na ruwa a rana, ruwan ya tsaya santimita 10 ƙasa da saman dutsen. Yana tare gansakuka, amma ba ya taɓa amoniya. Bakin fitar tafki na biyu kuma a nutsar da shi santimita 60 don ya ɗebo daga ƙasan layin gansakuka.

Maman_Sadiq_Lab:
Na goyi bayan gona, da sharaɗi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ga abin da ake ci ɗanye ita ce ƙwayoyin bayan gida kada su wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kada ya wuce ɗaya a lita. Ta 2006 ta ƙara da matakan gona: ban ruwa ta kwari ba ta fesawa a ganye ba, a tsayar da shi 'yan kwanaki kafin girbi, manomi ya sa takalmin roba. Latas da kabeji da karas a bar su sai an tabbatar da sakamako. A riƙa duba gishiri ma, don rana na ƙara masa kauri a tafki. Kuma wannan duk ga ruwan gida ne. Wanda ya haɗu da na masana'anta, kamar yadda aka sani a Jakara da Challawa a Kano, maganarsa daban.

Likitan_Dabbobi:
Malam Tafki, akwai abin da ba a lissafa ba. A Afrilu wannan ɗan ruwan shi kaɗai ke gudu a rafin. Makiyaya sun saba da shi, masu lambun gangare sun kafa injinansu a kansa. Ranar da aka juya shi gonar mutum ɗaya, an tayar da rigima. Dole mai gari da ardo da masu lambu su zauna kafin a taɓa bawul, a kuma tanadi mashaya mai tsabta ga dabbobi.

Hauwa_Lissafi:
Kuma a lissafin hekta biyun nan, makonnin da ke tsakanin girbi da shuka fa, ko farkon damina da gona ta jiƙe amma rafi bai kai alama ba? Kwana 20 kawai kubik mita 2,600 ne, sai an haƙa wani tafkin ajiya mai girman na biyu. Injiniya, filin da kake tunani yana da wurin wannan? Kuma ƙasar wurin yumɓu ce ko jigawa? In jigawa ce sai an daɓe ƙasan tafkunan da yumɓu santimita 30, in ba haka ba maganar rijiyoyin Ɗan Maraɗi za ta taso tun daga cikin matatar.